In ELAN ta ƙi nuna bidiyo bayan sabuntawa: yadda ake bin sawun matsalar

Cikin bazarar da ta wuce wata ɗaliba ta same ni da hantsi a nan Yamai, kwamfuta rungume a ƙirji, ido ya yi ja. Wata uku ke nan tana rubuta hirar da ta ɗauko a bidiyo wurin wata tsohuwa a wani ƙauyen Adar, can yankin Tawa: waƙoƙin daka da na niƙa, kalma bayan kalma. Layi ɗaya na Adaranci yadda tsohuwar ta furta, layi na biyu fassarar Faransanci, na uku motsin hannu da na tabarya.

"Malam, aikina ya tafi," abin da ta iya faɗa ke nan.

Ta buɗe ELAN, manhajar da ake rubuta magana da ita layi-layi a kan bidiyo ko sauti. Layukan suna nan daram, amma gurbin bidiyon baƙi ƙirin, maɓallin kunnawa kuma ko motsi. Na tambaye ta abin da ya taɓa na'urar tun jiya. Ta ce ta kai ta wurin wani mai gyara don ya ƙara mata sauri, shi kuwa ya sabunta duk abin da idonsa ya gani, har da manhajar kallon bidiyo. Ba mu cika rabin awa ba hoton ya dawo. Amma da ta bi shawarar da aka fara ba ta, wai ta goge komai ta sake girkawa, ta kuma sauya bidiyon da wanda aka taɓa turo mata ta waya, da an yi ɓarnar da ta fi ta farko.

Irin wannan aiki ba baƙo ba ne a garin nan. Tun 1968 cibiyar da yanzu ake kira CELHTO take Yamai tana tattara tarihin baka, ga cibiyar binciken rayuwar ɗan Adam ta IRSH, ga sashen nazarin harsuna na Jami'ar Abdou Moumouni. Abin da ya sauya shi ne yanzu kaset ya koma fayil, kuma kowane ɗalibi shi ne injiniyan kansa.

Abin da ya kamata ka fara sani

ELAN, wadda cibiyar Max Planck ta nazarin harshe da ke Nijmegen a ƙasar Holan ta ƙera kuma take bayarwa kyauta, ba ta da injin kunna bidiyo nata na kanta. Aro take yi. A Windows tana aron Media Foundation ko DirectShow, waɗanda suke cikin tsarin na'urar, ko JavaFX, ko kuma manhajar kallon bidiyo ta VLC in an girka ta. A Mac tana aron AVFoundation, ko VLC in an girka ta. A Linux yawanci VLC ce. Zanen aro kuwa ba ya rufe katara: ranar da mai shi ya sauya shi, kai ma sai ka ji a jikinka.

Aikinka yana wani wuri daban. Yana cikin fayil mai ƙarewa da .eaf, wanda rubutu ne zalla. Babu hoto ko murya a cikinsa. Abin da ke ciki shi ne kalmominka, da lokacin da kowace ta fara da lokacin da ta ƙare a lissafin milisakan, wato kashi ɗaya cikin 1000 na daƙiƙa, sai kuma adireshin inda bidiyon yake. Sabunta manhajar kallo ba ya taɓa wannan fayil. Mutum ne ke taɓa shi, cikin firgici.

Don haka kafin ka gwada komai, ka rufe ELAN, ka kwafi dosiyen aikin gaba ɗaya zuwa kile ko wani faifai na waje: fayil ɗin .eaf, da ɗan'uwansa .pfsx mai riƙe da tsarin yadda ka jera layuka, da bidiyon asali, da duk wani mai ƙarewa da .001 ko .002, domin waɗannan kwafin ajiya ne da manhajar ke yi da kanta in an kunna mata hakan. Ka zare kilen ka sa aljihu. Daga nan duk gwajin da za ka yi, abu ɗaya za ka sauya a lokaci guda, ka duba, ka rubuta a takarda. Wanda ya sauya abu huɗu a tare, ko ya dace ba zai san wanne ne ya yi magani ba, kuma ciwon zai dawo ya same shi ba shiri.

Mataki na farko: fayil ɗin ne ko injin ne?

Ka buɗe bidiyon a wajen ELAN, da manhajoji biyu daban, misali VLC da manhajar kallo ta Windows. Sannan ka buɗe wani tsohon aiki na ELAN da ka san lafiyarsa lau. Amsar da ka samu ita za ta nuna maka hanya.

In bidiyon ya ƙi buɗewa ko'ina, matsalar ta fayil ce, ba ta sabuntawa ba. Wataƙila an ɗauke wuta ana cikin kwafa, ko an zare kile da gaggawa. Ka gwada girmansa da na asalin da ke cikin kyamara ko waya. In bai kai ba, ka sake kwafa.

In ya buɗe a VLC amma ya ƙi a manhajar Windows, to Windows ne ba shi da kodek ɗin da ake bukata, wato mabuɗin da ke karanta irin wannan bidiyo, za mu zo kan wannan. In ya buɗe ko'ina sai a ELAN kaɗai, kuma tsofaffin ayyukanka ma duk sun ƙi, igiyar da ke tsakanin ELAN da injin aro ce ta tsinke.

Akwai kuma wani abu mai kama da wannan ciwo alhali ba shi ba ne. In ELAN ta buɗe maka taga tana tambayar inda bidiyon yake, adireshi ne ya ɓace mata. Faifan waje da jiya Windows ya kira E yau yana iya kiransa F. Ka nuna mata wurin, ko ka shiga Edit ka zaɓi Linked Files ka gyara, shi ke nan. Shawarata kuma, a sunan fayil da na dosiye ka bar haruffa masu lanƙwasa da wasulan Faransanci masu alama a ka. Ka rubuta waka_daka_01, ka ajiye ƙ da ɗ ga cikin layukan rubutu inda suke da amfani.

Mataki na biyu: wane inji take amfani da shi yanzu?

Ka danna dama a kan gurbin bidiyon ka zaɓi Player Info. Zai gaya maka injin da ke aiki. In gurbin ma bai fito ba, ELAN tana ajiye kundin rahoto a dosiyen .elan_data da ke cikin dosiyenka na mai amfani a Windows da Linux. Ka buɗe fayil mai ƙarewa da .log, ka gangara ƙasa, ka nemi layin da ya ambaci sunan bidiyonka. Ba sai ka fahimci komai ba. Sunan injin da aka gwada aka kasa kake nema.

Sai ka shiga Edit, Preferences, Edit Preferences, ka buɗe shafin Platform/OS. In taka ta Faransanci ce wurin ɗaya ne, suna ne kawai ya bambanta. A nan za ka ga jerin injunan. Ka rubuta wanda aka zaɓa, ka zaɓi wani, ka rufe ELAN gaba ɗaya ka sake buɗewa, domin sauyin ba ya hawa kan fayil ɗin da yake buɗe. Sau da yawa a nan ake samun sauƙi. Bidiyon MP4 na yau da kullum Media Foundation yana kunna shi ba gardama. Tsofaffin AVI da MPG sun fi saba wa DirectShow ko VLC.

Mataki na uku: in VLC ce aka sabunta

A nan zan ɗan daɗe, domin nan ne ɗalibar tawa ta faɗa, kuma nan ne mafi yawan mutane ke faɗawa.

VLC ta samo asali ne daga aikin ɗaliban École Centrale ta Faransa a 1996, aka sake ta ga kowa a 2001, kuma ƙungiyar VideoLAN ke kula da ita. Ta Windows iri biyu ce: mai bit 32 da mai bit 64. A ido ba su da bambanci, hula mai ruwan lemo iri ɗaya, kuma dukansu suna kunna bidiyo lafiya in ka buɗe su da hannunka. Amma ELAN ba tagar VLC take buɗewa ba. Wani sashe nata mai suna libvlc take ɗauka ta shigar cikin jikinta, kuma manhaja mai bit 64 ba ta iya ɗaukar sashe mai bit 32. ELAN ta ƴan shekarun nan mai 64 ce. Mai gyaran nan ya cire mai 64 ya girka mai 32 da ke cikin kilensa, shi ya sa bidiyon ke buɗewa a waje ya ƙi a ciki.

Ganewa ba wuya. Ka buɗe faifan C. In dosiyen VideoLAN yana cikin Program Files mai x86 a ƙarshen sunansa, mai 32 ce. In yana cikin Program Files zalla, mai 64 ce. In ka same shi a wuri biyu, ragowar tsohuwa ce ke nan tana rikita sabuwa. Ka cire duka ta hanyar da Windows ya tanada don cire manhaja, ka kashe na'urar ka kunna, ka sauko da wadda sunanta ya ƙare da win64 daga shafin VideoLAN kansa, ba daga shafukan da ke tara manhajoji barkatai ba.

In bit ɗin ya yi daidai amma har yanzu shiru, ka duba cikin jerin manhajoji na Windows, ƙarƙashin VideoLAN akwai zaɓin da ke mayar da saituna yadda suke tun farko ya kuma share tsohuwar ma'ajiyar wucin gadi. Ka danna shi, ka buɗe VLC sau ɗaya ka rufe, sannan ka koma ELAN. In wannan ma bai yi ba, ka koma wa sigar VLC da take aiki a da. VideoLAN tana ajiye tsofaffin sigogi a rumbunta na intanet. Ko kuma ka sabunta ELAN ɗin ita ma, domin wadda aka ƙera ta yi hulɗa da VLC ta 2 ba lallai ta gane ta 3 ba, wadda ta fito a Fabrairun 2018.

Masu Mac su lura da irin wannan tarko: bayan an fara fitar da masu M1 a Nuwamban 2020, wato masu ƙwaƙwalwar da Apple ta ƙera da kanta (Apple Silicon), an samu VLC iri biyu, akwai ta Intel akwai ta Apple Silicon, kuma dole ta dace da irin ELAN da ka girka. Masu Linux kuwa, VLC da aka girka ta Snap ko Flatpak a killace take, ELAN ba ta ganin ta. Ka girka ta rumbun tsarin, da apt ko makamancinsa.

Mataki na huɗu: in Windows ne ya sauya

Abu uku nake dubawa. Na farko ya shafe mu sosai a nan, saboda yawancin kwamfutocinmu kwance ne daga Turai. Akwai Windows mai harafin N a ƙarshen sunansa, wanda aka yi don kasuwar Turai, kuma yana zuwa ba tare da kayan kunna bidiyo da sauti ba. Sai an ƙara masa Media Feature Pack, kuma bayan babbar sabuntawa yakan bukaci a sake ƙara masa. Ka duba sunan Windows ɗinka a shafin bayanin na'ura. In ka ga N, ka shiga saituna, wurin ƙarin kayan zaɓi, ka girka shi, ka kashe ka kunna.

Na biyu kodek. Sunan MP4 ko MOV ƙwarya ce kawai, abin da aka zuba ciki shi ne kodek. H.264 kusan kowace na'ura tana karanta shi. HEVC, wanda ake kuma kira H.265, wayoyin iPhone suna ɗaukar bidiyo da shi tun 2017, wasu masu Android ma haka, amma Windows yana bukatar a ƙara masa wani ɗan sashe daga Microsoft Store kafin ya karanta shi. MPEG-2 na tsofaffin kyamarori da faifan DVD shi ma haka. Manhajar MediaInfo, kyauta ce kuma ba ta cin forfe, za ta gaya maka abin da ke cikin ƙwaryar. Kada ka yi saurin girka tarin kodek irin waɗanda ake zubawa a dunƙule. Suna sauya wa DirectShow jerin wanda zai fara kira, sai a gyara bidiyo ɗaya a lalata biyar. In an riga an girka maka su, cire su na cikin abin da za ka gwada.

Na uku, in murya tana fita amma hoto baƙi ne ko kore, ka zargi direban katin hoto. A Gestionnaire de périphériques (Device Manager) na Windows za ka iya mayar da shi sigar da ta gabata. Windows ma yana ba da damar cire sabuntawar da ta shigo kwanan nan.

Wani zai ce maka ka girka QuickTime, wai da shi ELAN take aiki a da. Gaskiya ne a da. Amma tun Afrilun 2016 Apple ta daina kula da na Windows, har aka shawarci jama'a su cire shi saboda kafofin da ɓarayin intanet ke shiga. A Mac ma tsohon QuickTime 7 ya daina aiki tun tsarin Catalina na 2019. Ka bar shi inda yake.

Mataki na biyar: kwafin aiki

In duk wannan bai yi ba, ko kuma ka gaji da faɗa da kodek, ka yi wa bidiyon kwafin aiki. Asalin ba a taɓa shi. Da manhajar sauya tsarin bidiyo ta HandBrake za ka zaɓi MP4, da H.264, da sautin AAC, ka kuma zaɓi adadin hotuna tsayayye a kowace daƙiƙa. Wannan zaɓi na ƙarshe ya fi sauran muhimmanci, domin waya takan ƙara ko ta rage yawan hotunan da take ɗauka gwargwadon haske da zafin na'ura, abin da ke rikita lissafin lokaci. Mai amfani da FFmpeg ga abin da zai rubuta:

ffmpeg -i asali.mov -c:v libx264 -pix_fmt yuv420p -r 30 -g 15 -c:a aac aiki.mp4

Lambar 30 ta dace da yawancin bidiyon waya. In kyamara ce mai ɗaukar 25, irin tsarin talabijin ɗinmu, ka sa 25. Lambar 15 kuwa tana sa a riƙa ajiye cikakken hoto sau biyu a daƙiƙa, don in ka ja alama baya ta sauka daidai inda kake so. Ka kuma fitar da sautin daban, domin da shi ELAN ke zana tashi da faɗuwar murya:

ffmpeg -i asali.mov -vn -c:a pcm_s16le aiki.wav

Kada ka yanke ko da daƙiƙa ɗaya daga farkon bidiyon, ko da kuwa ƙasa kawai kyamarar ke kallo. Duk lokutan da ke cikin .eaf daga farkon ake ƙirga su. Kada kuma ka maye gurbin asali da wanda aka turo ta WhatsApp a matsayin bidiyo, domin matse shi ake yi a sake tsara shi. In dole sai an tura, a tura shi a matsayin takarda.

Aikin nan yana dafa na'ura. A watan Afrilu, da zafi ya haura 40, ka yi shi da asuba ko bayan isha, batir cike, kwamfutar a kan tebur ba kan katifa ba.

Matakin da bai kamata a tsallake ba

Hoto ya dawo, mutum ya yi hamdala ya ci gaba da rubutu. A nan ne hankalina ya fi tashi. Baƙin allo kowa yana ganinsa, amma bidiyon da ke tafiya sumul alhali lokacinsa ya goce ba ya nuna kansa, sai ranar da wani ya ɗauki aikinka ya ga kalma tana gaba, bakin mai magana yana baya. Injuna ba sa lissafin farkon fayil iri ɗaya. Hoto ɗaya a tsarin 25 milisakan 40 ne, a tsarin 30 kusan 33. Ga mai fassara tatsuniya wannan ba komai ba ne. Ga mai auna tsawon wasali, ko mai duba ko hannu ya riga baki motsi, babban abu ne.

Ga yadda muka yi da ɗalibar. Muka nemi wuri uku a bidiyon inda akwai ƙara mai kaifi da ake gani da ido: farko, tsakiya, ƙarshe. Allah ya taimake mu waƙar daka ce, tabarya tana sauka cikin turmi, kowane bugu ya fito a zanen murya kamar ƙaya. Muka je bugun farko da ta yi wa alama wata uku da suka wuce, muka matsa hoto ɗaya bayan ɗaya har tabaryar ta taɓa hatsi, muka duba ko ya faɗa kan alamarta da kan ƙayar zanen. Muka maimaita a minti na 20, da kuma dab da ƙarshe. Duka ukun suka dace, sannan na bar ta ta ci gaba. In babu turmi a naka, tafi, ko rufe ƙofa, ko harafin b inda leɓɓa ke haɗuwa, duk suna yi.

In ka ga gociya iri ɗaya a wuri ukun, misali milisakan 80 ko'ina, gyaranta mai sauƙi ne. ELAN tana ba da damar sa wa bidiyo tazarar farawa, tana kuma da umarnin matsar da bayanai gaba ɗaya a ƙarƙashin Annotation. Na fi son na farko, domin bai taɓa lambobin aikinka. In kuwa gociyar tana ƙaruwa, kaɗan a farko da yawa a ƙarshe, kada ka matsar da komai. Adadin hotuna ne bai daidaita ba. Bambancin 30 da 29.97 ƙanƙani ne a ido, amma in aka karanta ɗaya a matsayin ɗayan, cikin awa guda ya kai daƙiƙa 3.6. Ka koma wa asali ka sake yin kwafin aiki, ko ka gwada wani inji, har wuri ukun su yarda da juna.

Bayan an samu lafiya

Ka buɗe ɗan fayil na rubutu a cikin dosiyen aikin, ka rubuta sigar ELAN, sigar VLC da bit ɗinta, injin da aka zaɓa, da kwanan wata. Ka ajiye fayilolin girka waɗannan sigogi a kilen da ka ajiye aikin, don ranar da za ka bukace su wataƙila kana ƙauye babu intanet. A saitunan VLC ka kashe sanarwar sabuntawa. Windows kuma yana yarda a dakatar da tasa har mako biyar, abin da ya isa mai shirin kai kundinsa gaban malamai ya gama cikin natsuwa. Ban ce a daina sabuntawa ba, na'urar da ke shiga intanet tana bukatarta, balle masu Windows 10 da aka rufe kula da shi na yau da kullum ranar 14 ga Oktoban 2025. A dai yi ta tsakanin aiki da aiki, bayan an kwafe komai, sannan a buɗe tsohon fayil ɗaya a gwada wuri ukun nan.

In kuma za ka kai na'urar wurin mai gyara, ka zauna kusa da shi, ka gaya masa tun kafin ya kunna ta cewa kada ya taɓa VLC da kodek. Mai zuwa ɗaukar sabon bidiyo a Adar ko wani wuri kuwa, ya shiga saitin kyamarar wayarsa ya zaɓi H.264, kuma da ya danna ɗauka ya tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara, ya sake tafawa kafin ya kashe.